Duba-gari a Ƙofar Surukarsa

A ƙauyukan da ke kewaye da Yammedi, da wuya a sami gidan da Malam Barau bai taɓa yin sallama a ƙofarsa ba. Shi ne duba-garin da ƙaramar hukumar Karaye ta ba wannan yanki, kuma ya daɗe a kai, har yaran da ya tarar suna rarrafe yanzu su ke shimfiɗa masa tabarma. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, ba ya ɗaga murya. Tsofaffi suna tuna duba-garin zamanin da, waɗanda in an hango su mata ke rugawa su kife randa don tsoron tara. Barau ba ya cikin irinsu. Shi zama yake yi a ƙofar gidan mai unguwa, a gaisa, a tambayi iyali, a tambayi gona, sai hira ta yi daɗi sannan ya sako zancen shara.

A Daurar Karaye aka haife shi, gidan manoma. Tun yana ƙarami ya san juji, domin shi ke bin jakin mahaifinsa da mangalar taki zuwa gona kafin ruwa ya sauka. Jujin wancan lokaci toka ne da kashin awaki da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa. Duk abin da aka zuba, kafin shekara ta zagayo ya zama ƙasa. Da ya je Kano ya yi karatun aikin tsafta ya dawo, sai ya tarar cikin jujin ya sauya. Leda ta shigo, mataccen batir ya shigo. Daga baya, da noman rani ya kankama a bakin dam, kowa ya rataya tankin feshi a baya, sai robobin magani suka cika gari, na kashe ciyawa da na kashe ƙwari. Robobi ne masu kauri, masu murfi mai kyau, ba sa yoyo.

Maganarsa ba ta da yawa, kuma kusan kullum ita ce dai. Abin da zai ruɓe a kai gona. Leda a ware ta gefe, kada akuya ta haɗiya, kada ta bi taki ta je ta shaƙe shuka. Robar magani kuwa a ɗauraye ta, a juye ɗaurayen cikin tankin feshi, a huda ta, a binne nesa da rijiya. In ya zo nan sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wata doguwar ƙusa, ya ce a miƙo masa roba.

"Haba Malam Barau, wannan ɓarna har ina?" Ba a rasa manomin da zai faɗi haka. "Roba lafiyayya, ga murfi ga mariƙi, ka hau ta da suka kamar ta zagi babanka?"

"Ba ta zage shi ba," in ji Barau, yana murza ƙusar a gindin robar. "Amma roba tana shan magani. Ka wanke da toka, ka wanke da omo, abin da ya shiga jikinta yana nan. Ka zuba mai, man ya jawo shi. Ka zuba kunu mai zafi, haka."

"To ni a ciki nake kai ruwa gona, ga ni ban mutu ba."

"Allah ya ƙara lafiya. Ɗanka nawa ne girman cikinsa, naka nawa ne?"

Sai a yi dariya, a miƙo masa wata. Ba kowa ke ji ba. Akwai masu cusa robobinsu a rumbu da zarar sun ji ƙarar babur ɗinsa. Amma a hankali wasu sun ji, har suka sa masa suna Mai Ƙusa, shi kuma yana amsawa.

Gida ɗaya ne ƙusar ba ta taɓa fitowa daga aljihu ba. Gidan yana Beli, a ƙasar Rogo, kuma na Inna Turai ne, mahaifiyar matarsa Sakinatu.

Inna Turai ta yi suna a sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun kafin hantsi ake jin ƙamshin suyarta daga bakin hanya, kuma a tsakar gidanta matan unguwa masu sana'ar ke haɗuwa. A birni an fara sakin wasu al'adu, amma a gidan nan surukuta tana nan yadda aka gaje ta. In Barau ya zo, tun daga zaure yake cire takalmi. Ya je gefen ƙofar ɗakinta ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ita kuma tana ciki, labule a sake.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Ya mutan gidan?"

"Suna gaishe ku."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

In ta ce Allah ya yi albarka, an gama ke nan, sai ya tashi. Tun ranar da aka ɗaura aurensa, abin da ya shiga tsakaninsu bai wuce wannan ba. Ba don ƙiyayya ba. Barau da Sakinatu sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba, kuma a duk tsawon shekarun nan, da dangi suka yi ta ƙananan maganganu, ba a taɓa jin ko kalma ɗaya daga bakin tsohuwar ba. Abin da take yi kawai, in ta yi matsa mai kyau, sai ta ɗebi man farko ta aika Karaye. Barau ya san ma'anar wannan aike, kuma yana jin nauyinsa.

Da can a kwalba man yake zuwa. Wata rana sai ya zo a farar roba mai kauri. An ɓare takardar jikinta, an wanke ta fes, amma Barau ya huda irinta da yawa, ko a duhu ya taɓa wuyanta zai gane ta. Ɗan Inna Turai, Zubair, ya fara yi wa mutane feshi a gonaki, kuma duk robar da ta ƙare gida yake kawowa.

Mayar da kyautar suruka ba abin da ake yi ba ne. Ba wa wani kuma, Barau ya san abin da zai bayar. Sai ya ɗauki robar ya kai gefen gonarsa, ya haƙa rami, yana istigfari saboda abinci ne yake binnewa. Sakinatu kuma ta aika da saƙo Beli: an ga mai, an gode, ya yi daɗi, Allah ya ƙara arziki. Haka suka riƙa yi duk lokacin da aike ya zo. A ganinsu sun yi dabara, ba wanda ya ci, ba wanda ransa ya ɓaci.

Ana nan sai Allah ya kawo haihuwa. Mace, aka sa mata Na'ima. Da lokacin yaye ya yi, aka kai ta wajen kakarta kamar yadda aka saba. Da yayen ya wuce, Inna Turai ta aiko cewa a bar mata ƙawarta ta ɗebe mata kewa, tun da maigidan ya rasu ɗakin ya yi mata faɗi. Wa zai ce a'a? 'Yar fari ce, kuma uba mai kunya ba ya nuna zumuɗi a kan ɗan fari. Ko sunanta ba ya kamawa a gaban manya, sai dai ya ce yarinyar nan.

Wata ranar da suka je gaisuwa shi da Sakinatu, yana durƙushe a inda ya saba, sai ga ƙananan ƙafafu sun fito daga bayan labule sun tsaya a gabansa. Bai ɗaga kai ba, don bai kamata ya ɗaga ba. Amma daga inda idonsa yake yana ganin gindin farar roba, Na'ima ta riƙe ta da hannu biyu ta kafa baki, kunun gyaɗa na bin haɓarta yana ɗiga a ƙasa. Kunun da zafinsa, har tururi yake yi ta wuyan robar.

"Allah ya yi albarka," in ji Inna Turai daga ciki.

Ya tashi.

Sai da suka bar gari, babur ya hau burji, sannan ya yi magana ba tare da ya waiwaya ba.

"Kin gani?"

"Na gani."

"To?"

"To me, Malam?" in ji Sakinatu. "Ni ma fa 'yar fari ce. Ko sunana Inna ba ta faɗa, sai dai ta ce waccan ta Karaye. A hannun kakata na tashi. In na shiga ɗaki ita fita take yi ta kama wani aiki. Tun da na yi wayo ba mu taɓa zama mun yi hira ba. Yau in buɗe baki karo na farko, in ce mata abin da take ba jikarta guba ne?"

"Ba haka za ki faɗa ba."

"To yaya zan faɗa? Kai da faɗar ita ce aikinka, koya mini."

Bai koya mata ba har suka isa Karaye.

Abu na farko da ya gwada shi ne kyauta. Ya shiga kasuwa ya sayi sababbin jarkoki na zuba mai, da ɗan kofi mai murfi da hannu daidai bakin yaro, ya aika Beli ba tare da wata magana ba, yana fatan tsohuwar za ta gane. Ta yi murna ƙwarai. An ce har maƙwabta ta kira suka zo suka gani, tana ta sa albarka. Daga nan ta naɗe su a tsohon zane ta ɗora a saman kabad. Ta ce kaya masu kyau haka ba a ɓata su da maiƙo, ta ajiye wa ƙawarta, in aurenta ya zo a sa a kayan ɗaki.

Sai ya tuna da Baba Sulle. Tsohon tela ne a kasuwar Rogo, ɗan kawun Inna Turai, wato abokin wasanta. Shi kaɗai ne a duniya zai iya faɗa mata duk abin da ya ga dama. Barau ya same shi a rumfa ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Sulle ya tsayar da keke ya saurara, ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, su je yanzu. Barau ya tsaya a zaure, Sulle ya kutsa kai ciki yana buga sanda.

"Ke tsohuwa, har yanzu kina nan ba ki mutu ba?"

"In mutu wa zai riƙa ba ka tuwo? Shigo, sarkin kwaɗayi. Ƙamshi ka jiwo."

"An ce mini maganin ciyawa kike dafa wa jama'a."

"Da ina dafawa ai da kai zan fara, ko wannan gemun naka ya kwanta."

Matan da ke tsakar gida suka sheƙe da dariya.

"Da gaske nake, Turai. Robobin nan ba su da kyau. A cikinsu ake zuba abin da ke ƙone gona guda."

"Yau kuma kai ne da gaske? Ba kai ka ce mini bara an hana mata masu haƙori uku zuwa Makka ba? Na wanke su da ruwan zafi da toka, na shanya a rana. Kai yaushe rabon da a yi maka haka?"

Aka sake fashewa da dariya, har da Sulle. Barau yana zaure yana ji, kuma tun kafin a gama ya gane kuskurensa. Mutumin da zai iya faɗa mata komai, ba ta taɓa ɗaukar komai nasa da gaske ba. Can sai ga Sulle ya fito, aljihunsa cike da ƙuli-ƙuli, a hannunsa kuma farar roba cike da mai. Ya dubi Barau, ya dubi robar.

A cikin wannan damina labari ya riƙa zuwa cewa Na'ima tana yawan ciwon ciki. Ta yi kwana biyu tana amai, ta warware, ta koma wasa, bayan ɗan lokaci ya dawo. Inna Turai ta ce tsutsar ciki ce, ta haɗa mata jiƙo, kuma Barau bai tambayi a cikin me aka jiƙa ba, don ya sani. Zubair ya kai ta asibiti aka ba da magani, aka ce a kula da ruwan sha. Yara da yawa suna ciwon ciki da damina, har waɗanda ba su taɓa ganin robar feshi ba. Ko robar ce, ko ba ita ba ce, Barau bai sani ba, kuma rashin sanin ya fi komai cin ransa. Yana zaune a tabarmar mai unguwa yana yi wa mutane bayani, sai ya ji muryarsa kamar ta wani.

Ya yi tunanin aikawa a ce a kawo yarinyar ta kwana biyu, in ta zo shi ke nan. Sakinatu ta ce, "Sai a ce me? Ta kasa riƙo? Ko mun fi ta son yarinyar?" Ya bar wannan.

Saura hanya ɗaya. Beli ba yankinsa ba ne, amma ya san ma'aikaciyar tsafta ta can, Malama Munawwara, sun sha haɗuwa a wajen bita. Mace ce, tana shiga har tsakar gida, kuma ba ta da surukuta da kowa a garin. Ya roƙe ta ta tara matan da ke sana'ar mai ta yi musu bayani gaba ɗaya, kada ta ware kowa, kada kuma ta ambaci sunansa. Ta ce ba komai, dama aikinta ne.

Yana gefen wata rijiya a wani ƙauye, yana nuna wa mutane inda ya kamata su janye jujinsu, sai wayarta ta shigo. Ya koma gindin bishiya ya ɗauka.

"Malam Barau, ka san da me aka kore ni? Da kai."

"Subhanallahi. Na ce kada ki ambace ni."

"Ni ban ambace ka ba. Wallahi abin ya fara kyau. A gidan Innar taka muka taru, na yi bayani, na nuna musu hoton ƙoƙon kan da ke jikin takardar maganin. Wasu har sun fara ture robobinsu gefe. Sai ta gyara zama ta ce, 'Yarinya, kin san babban duba-garin Karaye, wanda ake ce wa Mai Ƙusa?' Na ce na san shi. Ta ce, 'Ya girme ki a aikin nan ko bai girme ki ba?' Na ce ya girme ni. Ta ce, 'To shi ke auren 'yar gidan nan. Shekara da shekaru a robar nan nake aika masa mai, yana ci, yana aiko da godiya. Ga 'yar cikinsa nan, a gaban idonsa take shan kunu a ciki. Da da cuta, zai gani ya yi shiru?'"

Barau ya dafa bishiyar.

"Malam, kana ji na?"

"Ina ji."

"Duk wadda ta ture robarta sai da ta jawo abarta. Wata ma cewa ta yi, ai dama ta san ƙarya ce, so ake a sa su sayen jarka. Yanzu duk unguwar da na shiga, abin da za a faɗa mini ke nan. Ni me zan ce musu? In ce ƙarya take yi?"

"Ba ƙarya take yi ba," in ji Barau.

Da ya koma gida ya gaya wa Sakinatu. Tana tankaɗe, ta ci gaba da tankaɗenta, ba ta ɗago ba. Ya ce gobe zai je Beli. Ta ce, "Gaisuwa?" Ya ce, "Har da gaisuwa." Ta daɗe tana buga rariya a tafin hannu bayan garin ya ƙare. Daga baya ta ce, "Ni dai ban aike ka ba, kuma ban hana ka ba."

Ya zaɓi bayan azahar, lokacin da masu suya sun watse, don kada ya faɗa a gaban mutane. Gidan shiru, sai kaji. Robobi a jere a jikin katanga, an kife su suna shan rana. Na'ima tana barci a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta ɗan rame. Ya cire takalmi, ya je ya durƙusa. Suka gaisa yadda suka saba, kalma bayan kalma.

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Bai tashi ba.

Labulen bai motsa ba. Wata kaza ta zo ta wuce ta gabansa. Tsohuwar ta yi gyaran murya ta sake cewa, da ɗan ƙarfi, ko bai ji ba, "Allah ya yi albarka."

"Amin, Inna. Ina da magana."

Mutumin da ya yi shekaru yana faɗar abu ɗaya a gaban dagatai da masu unguwanni, sai ga shi yana laluben farkonsa.

"Robobin nan da ake zuba mai da kunu, na maganin feshi ne. Wanki ba ya fitar da shi. Kaɗan-kaɗan yake shiga jiki, ba ya nunawa rana ɗaya. Abin da ma'aikaciyar nan ta faɗa gaskiya ne. Shi nake faɗa a ko'ina, nan ne kawai ban faɗa ba." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Kuma Na'ima tana sha a ciki."

Bai taɓa kama sunan a gidan nan ba. Shi da kansa sai da ya ji abin ya yi masa wani iri a baki.

Da muryarta ta fito, ba da shi take yi ba, kamar da bango take magana.

"Ikon Allah. To man da ake aikawa fa?"

"Ba a ci ba, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya fara zuwa a robar."

"Ina yake zuwa?"

"Gona. Binnewa nake yi."

"Godiyar da ake aikowa fa? Da aka ce ya yi daɗi?"

Barau ya ji motsin gado, kamar ta juya ta ba ƙofa baya.

"To. An ji. A gai da mutan gida."

Ba ta ce Allah ya yi albarka ba. Ya jira ko za ta ce, har ƙafarsa ta yi tsami, sannan ya tashi ya fita.

Ba a yi mako ba sai ga ɗan acaɓa a ƙofar gidansa a Karaye, Baba Sulle a baya, Na'ima a tsakiya, da ƙunshin kayanta a kan tanki. Sulle ya sauko a hankali. Bai tsokani kowa ba, ko ruwan da aka kawo masa kurɓa ɗaya ya yi.

"Ta ce a kawo muku ajiyarku, kada ta lalace a hannunta."

"Baba, fushi ta yi?"

"Wa ya sani? Ni dai na je na zage ta, ba ta rama ba." Ya juya hularsa a hannu. "Ta tara robobin a bayan ɗaki. Ba ta huda ba, ba ta zubar ba. Suyar ma ta daina, ta ce hannunta ke ciwo. Shekaranjiya an gan ta tana bin gidajen da suke sayen mai a wajenta, tana cewa duk wanda ya ci na hannunta ya yafe mata."

"Sauran matan fa?"

"Wasu sun bari. Wasu sun ce tsufa ne ya kama ta, sun ma karɓe mata masu saye."

Sakinatu ta je Beli ita kaɗai bayan sallar layya. Ta dawo da wuri. Barau bai tambaye ta ba, ita ta faɗa, tana ninke mayafi: an amsa gaisuwa, an ce a ba ta ruwa, labule bai ɗaga ba, kuma ba a tambayi yarinyar ba. Ta ce tsakar gidan an share shi tas, ba ɓawon gyaɗa ko ɗaya, murhun suya kuma kaji sun fara kwana a ciki. Daga ranar maganarta da shi ta ragu. Tana yi masa abinci, tana amsa sallamarsa, in ya yi tambaya ta ba shi amsa daidai tambayar.

Barau yana nan yana aikinsa. Har yanzu yana zama a ƙofar masu unguwanni, ana tsokanarsa yana murmushi, kuma an ce yanzu da wuya ka ga roba mai ɗauke da kunu a gonakin yankinsa. Beli kuwa yakan shirya zuwa, ya wanke babur, ya sa babbar riga, sai wani aiki ya taso.

Ciwon cikin Na'ima ya yi sauƙi. Ko don an raba ta da robar ne, ko don damina ta wuce, ba wanda zai iya rantsewa. Ba ta saba da gidan ba. Tuwon Sakinatu ba ta ci sai an lallaɓa, kuma Yaya take ce mata, don abin da ta ji ana ce mata ke nan a can. Da safe takan sa takalminta da kanta, wani lokaci a juye, ta je zaure ta zauna a kan dakali. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai ta miƙe ta leƙa.

Wata safiya Barau ya fito zai tafi aiki ya same ta a nan. Ba kowa a zauren, sai ya tsuguna a gabanta ya gyara mata takalmin, ya kira sunanta a hankali. Ta dube shi kamar yadda yaro ke duban baƙon da aka ce ya gaisar.

"Kai ne mai babur ɗin nan?"

"Ni ne."

"To yaushe za ka mai da ni gida?"